Idon Jakin Mastura

Wanda ya tsiyaye wa jakin Mastura ido azzalumi ne, kuma matsoraci. Zaluncinsa shi ne harbin dabbar da ba ta ci masa komai ba. Tsoronsa kuwa shi ne ya ga an kama wani a madadinsa, ya naɗe hannu ya ja bakinsa ya yi gum. Mutanen unguwar Ruwais ta Jidda ma ba su wanku ba, domin kafin jinin ya bushe a fuskar jakin sun riga sun yanke hukunci, kuma suka yanke shi a kan wanda ba shi da kowa.

A zamanin nan ruwan famfo bai shiga gidajen unguwar ba. Daga bazan ake ɗebowa, wato famfon jama'a, a cika ganga a kan amalanke, jaki ya ja, mai ruwa ya riƙa juyewa a garwa yana shiga da ita gida gida. Mastura, tun da mijinta ya rasu, da jakin nan da amalanken take ci da marayunta. Mai yi mata jan ruwa shi ne Rafi'u, mutumin Zamfara, wanda ya zo aikin hajji ya maƙale. Ya yi aure a unguwar, matarsa na da tsohon ciki, amma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Duk ranar da ya faɗa hannun shurta, wato 'yan sanda, jirgin ruwa ne zai raba shi da Jidda, ya bar matar da abin da ke cikinta.

Ranar Talata da rana tsaka, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, Rafi'u ya ɗaure jakin a inuwar katangar Mastura kamar kullum, ya tafi ya kwanta. Da la'asar aka tarar da jakin yana zagaye turke, idonsa na hagu ya fashe. Wani ya sa tsinke ya zaro ɗan harsashin dalma na bindigar iska, wadda mutanen nan ke kira saktun. Wani ya tuna Rafi'u na da saktun. Wata ta tuna jakin ya shure shi a ƙwauri makon jiya har ya yi rantsuwa. Shi ke nan, bincike ya ƙare.

Sai Mastura ta aika a kira mata Bawa.

Bawa haifaffen Maiurno ne, a ƙasar Sudan. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun raƙuma da shanun sata a dajin Gadarif, har tsufa ya kawo shi gadin wani sito na katako kusa da tashar jiragen ruwa. Mutum ne mai gajen haƙuri, kuma abin da ya tarar a ƙofar gidan Mastura bai ƙara masa ba. Maza da mata da awaki sun tattake wurin kamar an tashi kasuwa.

"Wa ya fara zuwa nan?" ya tambaya.

Mutum goma suka ce su ne.

"Madalla. To wa bai zo ba? Ku je ku kira shi, shi ma ya taka, kada a bar shi a baya."

Ammu Othman, dattijon da ke raba wa 'yan unguwa gardama kafin ta kai gaban umda, wato mai unguwa, yana zaune a kan benci yana jan carbi. Ya ce, "Ya Bawa, ba sai ka wahalar da kanka ba. Magana a fili take. Ranar Asabar da safe, in an buɗe ofis, zan kai yaron wurin umda. Abin da ya ga dama ya yi da shi."

"Wa ya gan shi ya harba?"

"Yana da saktun."

"Ni ma ina da wuƙa. Duk ragon da aka yanka a Jidda ni na yanka?"

A nan Abdulghani ya sa baki. Shi haifaffen garin ne, da takardunsa cif, direba ne a wani kamfani, ba ya fita sai da farar riga mai guga. Ya yi magana a hankali, irin ta masu son a ce suna da kirki.

"Ya jama'a, halas, a bar tone-tone. Khala Mastura, ni zan taimaka a samo miki wani jakin, lillahi. Shi kuma miskinin nan kada a kai shi shurta a wulaƙanta shi. A haɗa masa guzuri ya hau jirgi da mutuncinsa. Asiri ya rufu, kowa ya huta."

Aka yi ta sa masa albarka. Mastura kaɗai ba ta ce amin ba. Ta jawo mayafi ta matso kusa da Bawa.

"Yaya Bawa, ni ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Amma mutumin da ke raba gurasarsa da jaki, ban ga yadda zai fasa masa ido ba. Ka duba mini."

"Zan duba abin da suka rage mini," in ji Bawa.

*

Rafi'u na zaune a ɗakinsa na langa-langa, ya haɗa kai da gwiwa. Matarsa na bayan labule tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Ina kake da rana tsaka?" in ji Bawa.

"Barci nake, Baba."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Shi ba zai zo gaban umda ba. Ka rantse za ka yi wa jakin wani abu?"

"Na ce sai na karya masa ƙafa. Ai zafi ne. Ko kai aka shura a nan..."

"Ni ba na tsayawa a bayan jaki. Kawo bindigar."

Ya jawo ta daga ƙarƙashin tabarma. Wani Bature ne da ya yi wa dako ya bar masa ita. Gajera ce, gindinta ya tsage an ɗaure da tsumma. Bawa ya juya ta, ya shinshina bakin, bai fahimci komai ba, domin shi mutumin ƙasa ne, ba na ƙarfe ba. Abin da ya sani shi ne ran Juma'a bayan la'asar mazan unguwa kan taru a filin gishiri da ke bakin teku, su jera murafen gwangwani a jikin allo su yi ta harbi, wanda ya fi samu a yi masa kirari har wata Juma'ar. Manya da gemunsu, a kan murfin gwangwani.

"In sun ce in tafi, zan tafi," in ji Rafi'u. "Haka Allah ya rubuta."

"Kai ka karanta rubutun? Zauna nan, kada ka je ko'ina. Kuma ka daina wannan fuskar, ita kaɗai ta isa a ɗaure ka."

*

Washegari da sassafe, kafin awaki su fito, Bawa ya koma jikin katangar. A ƙarƙashin amalanken, inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba, ya sami sawun mutum guda, babban yatsansa na dama a karkace, da tofin goro ja a jikin taya. Sawun ya hau kan na Rafi'u, ke nan bayan tafiyarsa aka zo. Bawa bai sha wahala ba. Adamu ne, ɗaya mai ruwan, wanda suka daɗe suna rigimar layi da Rafi'u a bazan.

Ya same shi yana cika ganga.

"Me ka je yi ƙarƙashin amalanken Mastura jiya?"

"Ni? Wallahi tallahi..."

"Ajiye wallahin, za ka buƙace shi nan gaba. Yatsanka ya riga ka magana."

Adamu ya dubi yatsan kamar yau ya fara ganinsa. Ya yi ta kame-kame, sa'an nan ya ce mazurarinsa ya je ɗauka, wanda Rafi'u ya ara tun kafin azumi ya hana.

"Naka ne?"

"Kamar nawa ne."

"Jakin fa?"

"Lafiya lau na bar shi, har ya kai mini cizo. Baba, ni da ko ƙofar masallaci aka ce in harba sai na sami liman? Tambayi kowa. Ran Juma'a in na ɗauki saktun har masu shayi tashi suke."

Bawa ya tambaya, kuma haka ne. Rabin yini ya tafi a kan ɓarawon mazurari. Ya koma yana tsaki, yana zagin kansa da ya bi sawun da ya fi kusa kamar sabon shiga.

Da ya rasa abin yi sai ya zauna a kan turken ya zura wa amalanken ido. Garwa biyu na rataye a gefensa, inda Rafi'u ya bar su. Ta farko tana da ɗan lotsawa sabuwa, ƙarfen ya yi fari a wurin. Ta biyu an huda ta, ƙaramin rami kamar na ƙusa, ya shiga ta gaba bai fita ta baya ba. Ya girgiza ta, wani abu ya yi ƙara a ciki. Dalma ce.

Wanda ke jin haushin jaki ba ya farawa da garwa. Bawa ya tsuguna ya daidaita idonsa da ramin, ya dubi inda ya fuskanta. Can tsallaken fili akwai wani gini na farin dutsen teku da aka fara aka bari, bangonsa iya ƙirji.

Bayan bangon ƙasa ce mai gishiri da danshi, irin wadda ke riƙe sawu kamar an buga hatimi. Ba wanda ya taka ta, domin ba abin kallo a wurin. Mutum guda ya tsaya a nan, da takalmin roba irin wanda rabin Jidda ke sawa, saboda haka takalmin bai ce komai ba. Amma a gefen ƙafarsa ta hagu akwai wasu tambura uku a jere, kowanne ya nutse sosai, kamar an dafa da nauyin jiki. Na farko mai santsi ne da kan ƙusa biyu. Na biyu yana da zane-zane a kwance kamar haƙarƙari. Na uku siriri ne, da ɗan ɓalli a kusurwa.

Bawa ya daɗe a tsugune. Ya taɓa ganin irin wannan a daji, inda mafarauci ya dogara bindigarsa. Gindin bindiga ne. Amma uku, kuma ba iri ɗaya ba, a hannun mutum ɗaya. Rafi'u guda gare shi, ita ma da tsumma a gindi. Ba wanda ke yawo da saktun uku a Ruwais sai mai sayarwa, ko wanda aka ba ya je ya zaɓa.

Ya samo wani tsohon daro ya kife a kan tamburan, ya ɗora dutse.

*

A haraj, kasuwar tsofaffin kaya, rumfar Hamad na can ƙurya tsakanin masu rediyo da masu fitilun ruwa. Tsoho ne mai ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan aljihun mai saye. Bawa ya ce bindigar harbin allo yake so.

"Kai, ya shekh? Da wannan shekarun?"

"Na ga waɗanda suka girme ni suna yi. Hauka ba ta da shekaru."

Hamad ya sauko da guda uku daga bango ya shimfiɗa a kan buhu. Bawa bai dubi bakinsu ba, gindinsu ya juya. Ƙusa biyu. Haƙarƙari. Ɓalli a kusurwa. A cikin zanen ta biyun har da farin gishiri da ya bushe.

"Ba ta nan ake duba saktun ba," in ji Hamad. "Kawo in nuna maka. Tsohuwar bindiga abu uku ake nema a jikinta. Ka karya ta haka, ka girgiza bakin. In yana rawa, maƙogwaron ya ci, bar ta ko kyauta ce. Sai ka ɗana ka saurari susta, ƙarfen nan mai naɗi da ke tura iska. In ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta gaji. Sai fatar ciki, in ta bushe iska na zurarewa, ɗigon mai take so. Wannan mai ƙusa biyu 'yar Jamus ce, tun kafin yaƙi, tana da saiti amma ba ƙarfi. Wannan ta tsakiya ƙarfi kamar alfadari. Wannan siririyar 'yar Ingila ce, ka ga aikin katakon? Yanzu ba a yin irinta."

"To yaya zan san mai ƙarfi?"

"Garwa. Ka rataya garwar kananzir ka ja da baya ka harba. In ta lotsa kawai, ta yara ce. In ta huda, ka samu. Kowa haka nake gaya masa. Ka tafi da su duka ka gwada, ka dawo da biyu. Haka muke yi da mutanen kirki."

"Kana gaya musu su fara duba ko garwar tasu ce?"

Hamad ya hau gyara bindigogin a kan buhu.

"Wa ka ba su ranar Talata?"

"Ya shekh, mutanenku na Juma'a kan ɗauka su mayar. Ni ba na riƙe ranaku."

"Ka riƙe. An fasa idon dabba, za a kori mutum daga ƙasa."

"Ni ɗan kasuwa ne. In na fara kiran sunan masu saye, gobe wa zai shigo rumfata? Ma'alesh. Allah ya bayyana gaskiya."

"Zai bayyana, amma ba ta bakinka ba, na gani."

Bawa ya naɗe ukun a buhu ya saɓa. Abin da ya fi ƙona masa rai a duniya shi ne mutumin da ya san gaskiya ya jingina ta ga Allah don kada cinikinsa ya ragu.

A hanya ya ratse bayan sito ya gwada su a jikin wani katako. Ko ɗaya bai samu ba, amma ya lura da abu guda. Biyu na watsa masa harsashi ko'ina, gwargwadon rashin iyawarsa. Siririyar kuwa kullum hagu take kaiwa, kusan taki guda. Ya tuna yadda amalanken yake tsaye, garwa a dama, kan jaki a hagu.

*

Ranar Alhamis da yamma ya bi ta dandalin shayi inda 'yan harbin ke zama. Ya ce ya karɓo saktun uku daga haraj, yana so gobe su taya shi zaɓe, tun da shi bai san kansu ba. Aka yi ta dariya. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya taɓa gwada na Hamad, don ya ba shi shawara. Biyu suka ce sun ɗauki 'yar Jamus kwanakin baya suka mayar. Adamu ya ce shi Hamad ko taɓawa ba ya barinsa.

Abdulghani ya kurɓi shayi ya ce, "Ya ammi, ni ba na taɓa tarkacen haraj. Ko rumfar ban sani ba. Sabuwa nake jira, wani abokina zai taho mini da ita daga Beirut."

"Ai shi ke nan. Amma ka zo, an ce duk unguwar ba mai hannunka."

"An dai faɗa," in ji Abdulghani, yana gyara hula. Makonni ke nan wani ɗan unguwar Sa'alaba na cinye su a harbi, kuma kowa ya san abin na cin sa.

*

Ran Juma'a Bawa ya riga kowa zuwa filin. Ya sa reshen dabino ya share inda ake tsayawa, ya yayyafa ruwa. Ya sa aka zo da Ammu Othman da bencinsa, aka zo da Rafi'u, Mastura ta tsaya daga nesa da wasu mata.

"Ya Bawa, wannan wane irin wasa ne?" in ji Ammu Othman. "Gobe za a kai mutum gaban hukuma, kai kana sayen abin wasa?"

"Ka yi haƙuri, Ammu. Tsufa ne."

Aka kafa murfin gwangwani. Rafi'u ya fara. Ya dogara gindin a cinya ya karya, kamar yadda kowa ke yi. Da biyun farko ya sami gefen murfin. Da siririyar harsashin ya tafi hagu ya bugi allo. Wani ya karɓa, hagu. Ɗan Sa'alaban da ake tsoro ya karɓa, ya daɗe yana saiti, hagu. Ya ce iska ce. Adamu ya miƙa hannu, aka ce a'a, akwai mata a wurin.

Abdulghani na gefe ya harɗe hannu, yana murmushi.

"Saura kai," in ji Bawa.

"Kafaɗata na ciwo, ya ammi. Tun hatsarin motar nan ba ta koma daidai ba."

"To bari. Dama na ji an ce bakin ne ya rage, hannun ya tafi. Ɗan Sa'alaba ma ya kasa, balle kai."

Aka yi shewa. Da Abdulghani na da hankali da ya haɗiye wannan ya zauna. Amma mutumin da ya iya jure ganin za a raba wani da iyalinsa bai iya jure dariyar masu shayi ba. Ya tuɓe agogo ya ba wani, ya taka cikin sharar.

Kafaɗar dama ba ta iya jan susta. Sai ya kafa gindin bindigar a ƙasa gefen ƙafarsa ta hagu, ya dafa da nauyinsa, ya karya ta da hannun hagu. Ya harba 'yar Jamus, ya sami gefe. Ya kafa ta biyu, ya karya, ya sami gefe. Ya kafa siririyar. Bawa na tsaye a bayansa, ya ga bakin bindigar ya bar murfin ya koma dama, kusan taki guda, ya tsaya a kan allo tsirara.

Tas! Murfin ya yi sama yana juyawa, da rami a tsakiyarsa.

Fili ya kaure. "Allahu akbar! Abdulghani! Namiji!" Har ɗan Sa'alaba ya miƙa masa hannu.

"Kada ka motsa," in ji Bawa. "Kowa ya tsaya inda yake. In wani ya taka mini wannan ƙasar yau, wallahi sai mun kwana a shurta ni da shi. Ammu, taso ka gani."

Ya nuna masa tambura uku a gefen ƙafar hagu ta Abdulghani. Ya nuna masa inda sauran suka tsaya, ba ko ɗaya. Sa'an nan ya ja su duka, har matan, zuwa bayan ginin nan da ke kallon katangar Mastura, ya ɗaga daron. Ammu Othman ya sa tabarau ya duƙa. Ƙusa biyu, haƙarƙari, ɓalli a kusurwa, a gefen ƙafar hagu.

"Mutum ya karɓo uku zai zaɓa," in ji Bawa. "An ce masa ya gwada a garwa. Garwar gidansa tana da tsada, ga ta marayu a rataye, kowa na barci. Ta farko ta lotsa. Ta biyu ta huda. Ta uku ta ja hagu."

"Wannan ba hujja ba ce!" in ji Abdulghani. Hausar ta gudu, ya koma Larabci, ya dawo. "Kowa na iya kafa bindiga a ƙasa. Aib, ya ammi, aib alek! Ni da na ce zan sayi jaki lillahi?"

"Na ji. Jiya a gaban mutanen nan ka ce ko rumfar Hamad ba ka sani ba. Yau gwanaye uku sun harba siririyar nan, duk ta kai su hagu, don ba su san halinta ba. Kai ka ɗauke ta ka auna allo, ka sami murfi da harbin farko. Wa ya gaya maka tana jan hagu?"

Abdulghani ya ja da baya. Ya dubi waɗanda suka gama yi masa kirari yanzun nan. Da ya ce sa'a ce, da wataƙila wasu sun bi shi, amma ko a nan girman kai bai bar shi ya ce bai iya ba.

"Jakin ne ya juyo da kai," ya ce a hankali. "Ni garwa na nufa."

"Na yarda," in ji Bawa. "Wannan tsautsayi ne, da ka je ka buga ƙofar Mastura a ranar da tuni an wuce wurin. Guzurin da ka ce a haɗa wa Rafi'u, shi kuma wa ya juyo da kai?"

 Mastura ta matso, ba ta ɗaga murya ba.

"Abdulghani, da hannuna na yi maka wankan jego, kai da uwarka. Ka tsaya a ƙofata ana sa maka albarka, kana kallona."

Rafi'u ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu. Waɗanda suka tuna da saktun ɗinsa da rantsuwarsa ranar Talata suka fara cewa dama su tun farko jikinsu bai ba su ba. Bawa ya juya ya dube su, suka yi shiru.

Ammu Othman ya cire tabarau, ya ce gobe ba wanda za a kai wurin umda, sai in Abdulghani ya ƙi abin da za a faɗa. Bai ƙi ba.

Aka yanke masa ya sayo wa Mastura lafiyayyen jaki da garwa biyu, ya ci gaba da ciyar da mai ido ɗayan har ya mutu. Aka sa ya tsaya wa Rafi'u kafili, wato mai lamuninsa a wurin hukuma, ya yi ta zirga-zirgar ofis da ƙafarsa har iƙama ta fito. Aka hana shi taka filin harbi. Kafin sabon jakin ya iso kuwa, shi ya riƙa ɗebo ruwa daga bazan a garwa, kowace safiya kafin ya tafi aiki, yana kai wa gidajen da Mastura ke sayar wa, Rafi'u na gaba yana nuna masa ƙofa.